Buzuzu

A mangazar lise, bayan karyayyun tebura,
mai gadi ya jawo kwalin sabulu ya ce:
"Tsahiru, in ba ka so, gobe sai bola."
Na ɗaga murfi. Ga shi a rigingine,
taya huɗu a sama,
kamar wanda ya gaji da gardama.

Buzuzu muka raɗa masa,
don aikinsa ke nan: ya bi baƙin layi,
ya tura albasa guda da goshi har cikin da'ira.
Mu huɗu muka haife shi
da injin matacciyar rediyo, da gwangwanin madara,
da kuɗin ƙosan da muka hana cikinmu.

Na goya shi a moto
zuwa rumfata ta gyaran salula, bakin kasuwar Tawa.
Zanzaro ya gina ɗaki biyu a ƙirjinsa.
Batir ya yi amai, ya bushe fari fat kamar kanwa.
Ɓera ya ci jar waya ya bar baƙa,
shi ma da irin abin da yake so.

Na wanke shi da buroshin haƙori.
Na yanka tsohuwar roba na ɗinka masa takalma.
In wuta ta ɗauke, in ciji tocila in ci gaba,
mai shayi yana leƙe yana cewa:
"Wannan gawar, wa zai biya ka kuɗinta?"

Ban ba shi labarin Yamai ba.
Wuni guda a mota, Buzuzu a cinyar Barira,
naɗe cikin zanen uwarta.
Zaure mai sanyi, alƙalai uku,
ƴan makarantun da nasu ya zo cikin akwati mai soso.
Aka busa usur. Ya yi taku huɗu cif,
sai ya karkata hagu,
hagu,
hagu kuma,
yana zagaye kamar ɗan akuya a turke.
Albasa ta gangara ƙarƙashin teburin alƙalai.
Har yau ina jin dariyar nan a ƙeyata.

A hanyar dawowa Shefu ya yi barcin ƙarya,
Iliya ya ƙura wa takalminsa ido.
Ni na buɗe baki: "Lissafin Barira ne."
Ita ta rubuta masa umarni, ai.
Ba ta tanka ba. Ta kalli taga
daga Doso har Dogon Dutsi, har Ƙonni,
kuma ba ta sake taka ɗakin aikinmu ba.

Dare na bakwai, na sa madubin ƙara girma
ƙarƙashin idonsa na hagu.
Ga dalma, dunƙule kamar kashin akuya,
zaune kan ƙafar waya ba ta kama ta ba.
Kowa ya san rubutun hannunsa.
Wannan ɗigon nawa ne.

Na kai bakin ƙarfe mai zafi.
Hayaƙi zare ɗaya.
Daƙiƙa uku, bayan shekara goma sha ɗaya.

Umarninta ban taɓa ko wasali ba.
Na ja layi da gawayi a kan siminti,
na ari albasa wurin maƙwabci.
Ya yi tari, ya girgiza,
ya kama hanya yana ɗingishi irin na tsofaffi,
ya bi kowace kwana,
ya aje kayansa tsakiyar da'ira, ya tsaya.

Wa zan gaya wa?
Shefu yana Abijan yana tallan agogo.
Iliya ƙasa ta rufe masa ido tun bara waccan.

Na kira Abalak, ɗakin haihuwa.
Bayan muryarta wani sabon mutum yana tsala kuka.
Na faɗa mata duka, ban rage ba.
Ta ce: "Na sani. Tun a zauren na gan ta."
"Me ya hana ki faɗa?"
"Tambaya ka yi, ko hukunci ka yanke?"

Na rasa ta cewa. Mai shayi ya daina fifita wuta.

Can ta ce: "Ina da minti biyu.
Mayar da shi farkon layi,
ka aje wayar a ƙasa
in ji tafiyarsa."